Bindiga a bayan ƙyaure ko a akwati da kwaɗo? Muhawarar da ta hana zaure barci

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta tsakani da Allah. Wata huɗu ke nan da yayana ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye a ƙasar Sabon Birni, bayan an shiga garin nasu sau biyu cikin mako ɗaya. Na ba shi ɗakuna biyu a gidana nan bayan unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato. Cikin 'yan komatsan da ya iya kwasowa har da bindigar marigayi mahaifinmu, mai baki biyu, wadda tsoho ya yi farauta da ita shekara da shekaru. Tun da ya zo a ɗure take wuni, a ɗure take kwana, jingine a bayan ƙyauren ɗakinsa.

Shekaranjiya bayan la'asar maiɗakina ta leƙa ɗakin neman yara, sai ta tarar da Sadiq ɗan shekara 7 da ɗan yayan nawa ɗan shekara 9 sun kwantar da ita bisa katifa, babban yana nuna wa ƙaramin inda ake sa yatsa. Ta ce ko ihu ta kasa yi, don gudun kada su firgita su danna. Da lallashi ta raba su da ita. Daga ranar ta ce ko a sa bindigar nan a akwati a kulle, ko ta kwashi 'ya'yanta ta tafi gidansu. Shi kuma Yaya ya ce bindigar da ke kulle sanda ma ta fi ta, kuma wanda bai taɓa jin ƙarar babura da tsakar dare ba bai isa ya koya masa ajiyar makami ba. Ni ga ni a tsakiya. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba na iya ɗaga masa murya. Ya zan yi?

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Innalillahi. Yaya, ai Anti ta ma yi haƙuri da ba ta tafi tun a daren ba.

Bagobirin Asali: Auta, yi shiru manya su yi magana. Baban Sadiq, ni ina bayan yayanka, kuma in hwaɗa maka dalili. Ku da ke birni labari kuka ji, mu gani munka yi. Watan Mayu na 2020 anka kashe mutum sama da 70 cikin ƙauyukan Sabon Birni rana guda. Disamba 2021 anka tare mota wajen Gidan Bawa anka ƙone matahiya da ransu. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa da kainai anka ɗauke, bai dawo ba. In sarki bai tsira ba, wa ad da tabbas? Mutanen ga ba su sallama, ba su jiran ka nemo mabuɗi. Kana barci sai dai ka ji ƙyaure ya hwaɗi. To a wanga lokaci za ka ce masu ku dakata in buɗe kwaɗo? Wanda duk yac ce a kulle bindiga bai taɓa neman takalminai cikin duhu hannunai na rawa ba.

Maman Husna: Kawu Bagobiri, Allah ya sani babu mai raina abin da kuka gani. Amma ni ma akwai abin da idona ya gani. Shekara 14 ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin da ake karɓar masu rauni. Wata rana aka kawo mana yarinya da ba ta wuce shekara 5 ba, wanta ne ya ɗauko bindigar toka ta kakansu yana kwaikwayon 'yan bindigar hawan Sallah. Ba ɗan ta'adda ko ɗaya a gidan nan. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa, ɗa ɗaya a kan gadonmu, ɗayan kuma a waje yana kuka yana cewa bai san da ɗuri a ciki ba. Wa za ta tsine wa? Ku lissafa mini: a gidan Baban Sadiq, a Mabera, sau nawa aka kawo hari cikin wata huɗun nan? Sau nawa kuma yara suka shiga ɗakin nan? Kullum ne. Haɗarin da ke zuwa kullum shi ake fara toshewa.

Bagobirin Asali: Ɗiyata, tsautsayi ba ya wuce ranatai. Mu da munka tashi gidan mahalba, bindiga rataye take, babu yaron da ka taɓa ta. Tarbiyya ta ta lalace.

Maman Husna: Rataye a ina, Kawu? A turakar maigida, can sama jikin azara, ɗakin da yaro ba ya ko leƙawa sai an aike shi. Wannan ai kullewa ce, sai dai ba da kwaɗo ba. Yanzu mutum goma sha ne a gida mai ɗaki huɗu, turaka ta zama ɗakin kowa, nan ake cajin waya, nan yara ke kallo. Tsarin da ya tsare ku a da babu shi a gidan nan.

Baba Soja: Salamu alaikum. Na karanta duka. Bari tsoho ya sa baki.

Na yi shekara 31 da kaki. Abin da farar hula ba su sani ba shi ne, soja ma ba ya kwana da bindiga a gidan iyalinsa a bariki. Tana ɗakin ajiye makamai. Ka sa hannu ka karɓa, a ƙirga maka harsashi, ka dawo a sake ƙirgawa. Mutanen da aikinsu ke nan, waɗanda aka horar shekara da shekaru, su ne aka fi tsananta wa. A bakin daga kuwa tana jikinka, ko bayan gida za ka da ita za ka. Wuri biyu ke nan da muka san bindiga: ko a jikinka, ko a kulle. Na uku babu. Bayan ƙyaure ba jikinka ba ne, ba kuma kulle ba ne. Yayanka yana kasuwa, ko masallaci, ko ya zaga, wa take tsarewa a lokacin? Ba kowa. Ta zama ta duk wanda ya riga shiga ɗakin, yaro ne ko ɓarawo.

Sannan Bagobiri, mu faɗa wa juna gaskiya. Mai baki biyu harbi biyu gare ta. Waɗanda kake magana suna zuwa su talatin, su hamsin, bisa babura, kowane da AK-47 mai cin harsashi 30. Garuruwan da suka iya korar su ba don wani ya kwana rungume da bindiga ba ne. Don an yi tsari ne: masu gadi da ke kwana a farke, wanda zai hango tun daga nesa, ganuwa ko rami, da jama'a da suka san inda kowa zai tsaya. Mutum ɗaya da harbi biyu, in ya harba ma sai ya nuna musu ɗakin da za su buɗe wa wuta, alhali iyalinsa na ciki.

Bagobirin Asali: Baba Soja, girmanka na, amma harbi biyu ya hi babu. Sau da yawa in sunka ji ƙara guda sai su san garin ba na mata ba na, su canza hanya. Kuma kai kana maganar bariki, inda akwai mai gadi bakin ƙohwa. Mu wa ka gadinmu? A 2021 da anka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar ga, ko kiran ɗauki ba ka iya yi. Ka kira ma, kahin su iso an gama.

Maman Husna: "Garin mata" kuma, Kawu? Mu ne dai ke wanke raunin in an gama jarumtakar.

Autan Zaure: Kawu ya taɓo gidan rina.

Mai Zaure: A yi a hankali jama'a. Muhawara muke, ba faɗa ba. Kuma ina tunatarwa: ba a tambayar inda ake sayen makami a zauren nan, ba a tallarsa, ba a sa hotonsa. Wanda ya yi zan fitar da shi ba tare da sallama ba.

Barista: Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ba wanda ya yi. Baban Sadiq, bindigar nan tana da lasisi? In tana da shi, da sunan wa?

Baban Sadiq: Akwai wata tsohuwar takarda da sunan Baba. Tun rasuwarsa ba wanda ya bi ta kanta.

Barista: To nan gizo ke saƙa. Lasisin bindiga ba gona ba ne da ake gada, na mutum ɗaya ne da sunansa. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi, su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da irinsu ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Akwai na amfanin kai, irin mai baki biyun nan da ta farauta, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, su bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Abin da ya shafi gardamarku kai tsaye kuwa: dokar nan ta ɗora wa mai lasisi alhakin adana bindigarsa, in ta ɓace ko aka sace wajibi ne ya kai rahoto. Wato ko da takardun Yaya sun cika, barin ta inda yaro zai kai hannu ba abin da zai kare a gaban alƙali ba ne. Kare kai halas ne, sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai da dukiya. Amma halascin kare kai daban, halascin mallakar makamin daban. Kuma in wani abu ya faru, a gidanka ne, kai ma sai ka amsa tambaya.

Bagobirin Asali: Barista, wace doka? Gwamnoni da bakinsu sunka ce a nemi bindiga. Masari ya hwaɗi a Katsina a 2021. Zamfara a 2022 har fom sunka ce za su raba, 500 ga kowace masarauta.

Barista: Sun faɗa, Kawu. Amma me ya biyo baya? A Zamfarar, a watan Yunin 2022 ɗin, Kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi na nan, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A 2023 kuma Sufeto Janar Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Maganar gwamna a taron manema labarai ba ta fitar da kai daga hannun hukuma. Ni ban ce tsarin ya yi adalci ba. Ana ce wa talaka kare kanka, ana kuma rufe masa ƙofar da zai bi ya yi hakan bisa doka, shi kuwa ɗan ta'adda ba ya cike fom. Wannan abin takaici ne ƙwarai. Amma aikina in faɗa muku yadda take, ba yadda nake so ta zama ba.

Ɗalibin Ilimi: Allah ya saka wa kowa. Ina ganin ɓangarorin biyu kowa na da madogara a Sunna, sai dai a haɗa su. Hadisin da ke cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne yana cikin Bukhari da Muslim, a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi har da wanda aka kashe wajen kare iyalinsa. Anas kuma ya ruwaito daren da mutanen Madina suka firgita da wata ƙara, suka fito, sai suka haɗu da Manzon Allah (SAW) yana dawowa bisa dokin Abu Ɗalha ba sirdi, takobi rataye a wuyansa, ya riga kowa zuwa. Wannan hujja ce ga Kawu Bagobiri, makami na kusa.

To amma shi ɗin dai (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Ya hana a miƙa wa juna takobi zararre. Ku duba, takobi ne fa, wanda sai an ɗaga an sara. Bindiga ɗurarriya ai ta fi takobi zararre, tunda yatsan yaro ya ishe ta. Kuma kisan kuskure ba a cewa tsautsayi ne a shafa fatiha a tashi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba.

Bagobirin Asali: Allah shi gafarta Malam, to ai ka ga takobin a wuya yake, ba cikin adaka ba.

Baba Soja: A wuya, Bagobiri. A jikinsa. Maganata ke nan tun ɗazu. Ba a ce an jingine shi inda jikoki ke wasa ba.

Autan Zaure: Ɗaya da ɗaya. A dawo tsakiyar fili.

Dokta Na Amurka: Ku yi haƙuri na makara, yanzu na fito daga aiki. Gardamar nan da kuke yi ita ce ake yi a nan shekara da shekaru, har ta kai kotun ƙoli. A 2008, a shari'ar Heller, alƙalai 5 cikin 9 suka soke dokar birnin Washington da ta tilasta a ajiye bindiga a gida a warware ko da makulli a kunamarta, suka ce ta hana mutum kare kansa. Ka ga masu ra'ayin Kawu sun yi nasara a kotu. Amma a asibiti lissafin daban ne. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Shi ya sa likitocin yara a nan ke nanata abu uku: a cire harsashi, a kulle bindiga, a kulle harsashin a wani wuri daban. Masu son ta kusa kuma sai suka koma sayen ƙaramin akwatin ƙarfe da ke buɗewa da lambobi ko zanen yatsa, a ajiye gefen gado.

Bagobirin Asali: Dokta, can in kun kira 'yan sanda minti nawa? Kada a kawo muna lissahin Amurka a Gobir. Akwatin zanen yatsa kuma da wace wutar?

Dokta Na Amurka: Gaskiyarka, Kawu, ba ƙasa ɗaya ba ce, ban kuma ce a kwafo ba. Abu ɗaya ne bai canza ba: ɗan shekara 7 na can da na Mabera duk hannunsu ƙaiƙayi yake. Kwaɗon Kasuwar Daji ma ya wadatar.

Ɗan Fullo: Ni akwai ɓangaren da nake so a duba, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ana ta maganar yara, amma babba ma fa abin tsoro ne in makami na kusa kuma zuciya ta hau. Mu tuna Oktoban 2021. 'Yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a Gwadabawa suka kashe mutane, cikinsu har da limami. Ba a rufa mako biyu ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, mutum 43 gwamnati ta tabbatar. Daga baya gwamnatin Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai. Su ma da sunan kare kai suka fara. Ni da nake da dangi a ruga da dangi a birni, ta ko'ina gawa nake ɗauka. Tazarar da ke tsakanin fushin mutum da kunamar bindiga, in ta kai ko ta minti biyu ce, rai nawa za ta ceta?

Bagobirin Asali: Ɗan Fullo, kada ka haɗa mai tsaron ɗakinai da mai zuwa kasuwa kisa.

Ɗan Fullo: Ban haɗa ba, Kawu. Cewa na yi zuciya ɗaya ce a ƙirjin kowa.

Mai Zaure: Ya isa nan. Kada a karkata zuwa ƙabila, mun san inda take kai mu. A koma kan tambayar Baban Sadiq.

Maman Husna: Maganar Ɗan Fullo ta tuna mini. Baban Sadiq, ka yi haƙuri da tambayar nan, ta aiki ce. Yaya yana samun barci? Yana firgita?

Baban Sadiq: Hajiya, kin taɓo inda ban so faɗa ba. Ba ya barci sai gab da asuba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Watan jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidanmu, kafin in fito Yaya har ya kai zaure da bindiga a hannu, ya saita ƙofa. Ashe ɗan maƙwabcinmu ne aka sauke, ya dawo daga gidan kallon ƙwallo. Na riƙe hannunsa, jikinsa duk rawa yake. Da safe ba wanda ya tayar da zancen.

Maman Husna: To ka gani. Wannan ba rashin jarumta ba ne, ciwo ne, kuma muna ganinsa sosai ga waɗanda suka tsere wa hari. Ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, asibitin koyarwa ma akwai sashen, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Mutumin da bai yi barci ba, kunnensa na jin babura ko babu su, shi ne na ƙarshen wanda ya kamata ya kwana da ɗurarriyar bindiga. Daren nan da ɗan mutane ya tura ƙofar fa?

Baba Soja: Na san irinsa, mun dawo da su da yawa daga daji. Kada ka ce masa "ba ka da lafiya, kawo bindigar". In ka raba shi da ita da ƙarfi ka cire masa abu ɗaya da ya rage yana jin shi namiji ne mai tsaron gidansa, bayan ya bar gona da rumbu da kabarin iyaye. Ba shi wani aikin tsaron a madadinta. Ga abin da zan yi in ni ne. A sa mai walda ya yi akwatin ƙarfe, a kafe shi a bango. Bindiga ba ɗuri a ciki, harsashi a wani wuri da nasa kwaɗon, mabuɗi a wuyansa da igiya, ba a ƙarƙashin filo ba. Sannan a kashe kuɗi inda ke sayo lokaci: ƙofar waje mai ƙarfi da sakata biyu, fitila mai aiki da hasken rana a waje, usur, lambobin maƙwabta da na ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wanda ya ji motsi tun daga bakin layi yana da lokacin buɗe kwaɗo goma. Wanda sai da aka tsaya a kansa ya farka, ko tana cikin bargonsa ba ta da amfani, ƙarshenta ma da ita za su tafi. Ku tambayi mutanen ƙauye, gidan da masu kai rahoto suka ce akwai bindiga shi ake fara dira.

Bagobirin Asali: Wanga na ƙarshe gaskiya ta, na san gidan da anka yi ma haka. Amma Baba Soja, ga bazara tahe. Watan Afrilu a Sakkwato wa ka kwana ɗaki? Kowa tsakar gida. Akwati na ɗaki, kai kana waje.

Baba Soja: Sai ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofar ɗakin. Taku uku ne.

Bagobirin Asali: A birni na yarda, tunda ɗiya sun riga sun kai hannu. A ƙauyenmu kam ban yarda ba, kuma ba ni yarda. Ranar da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024 sunka kai kowane ƙauye suna kwana, sai mu sake zama.

Barista: Ni dai ina nan kan bakata. Akwati ya magance yara, bai magance takarda ba. Baban Sadiq, ka same ni ta akwatin sirri mu duba hanyar da za a bi da hukuma, ko a gyara ko a miƙa ta ajiya.

Bagobirin Asali: A miƙa? Gadon ubansu? Barista, kai dai ba a rabuwa da kai lahiya.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai jama'a. Ni ba zan iya tunkararsa ba, amma akwai Gwaggonmu a Runjin Sambo, ƙanwar Baba, ita kaɗai ce in ta yi magana ba ya musu. Gobe in sha Allahu zan ɗauko ta. Zan dawo muku da yadda aka yi.

Autan Zaure: Kwana uku shiru. Yaya Baban Sadiq, ko Anti ta tafi ne?

Baban Sadiq: Tana nan, Auta. Gwaggo ta zo ta wuni. Ba ta ma yi dogon zance ba, cewa ta yi, "Yayana bai taɓa shiga gida da ɗuri a bindigar nan ba, a bakin gari yake saukewa, kai wa ya koya maka?" Yaya ya sunkuyar da kai. Jiya mai walda ya kafe akwati, harsashi na wurina, mabuɗi na wuyansa. Zancen Kware ne dai ya ce shi ba mahaukaci ba ne, Gwaggo ta ce a bar mata wannan. Barista, ban manta ba, sai dai abin na ba ni tsoro.

Baban Sadiq: Salamu alaikum, Maman Sadiq ce, na karɓi wayarsa. Na gode wa kowa, musamman Hajiya Maman Husna. Amma Baba Soja ina da ƙara. Ɗazu da safe ina shara Sadiq ya zo ya raɗa mini, "Umma, in Baffa zai shiga wanka a ƙarƙashin dardumar salla yake sa mabuɗin." Kwana ɗaya tak fa da kafe akwatin.

Baba Soja: 'Yata, ki ce wa Gwaggo ta faɗa masa ya riƙa shiga da shi wankan. Ruwa ba ya cin mabuɗi.